Direban da ba shi da iƙama

Ni na jawo wa kaina, da na ce wa Kawu ya bar Windows a kwamfutarsa in sa masa Ubuntu, wani nau'in tsarin Linux, kyauta. Kun dai san shagonsa na awon kaya a Shara Mansur, a Makka. Na je haraj, kasuwar gwanjo, a Jidda na samo katin hoton kwamfuta na kamfanin NVIDIA, na hannu, GTX 1060, kar ma ku tambaye ni me mai awo zai yi da katin wasa. Na soka, na kunna, hoto ya fito tas. Da a nan na tsaya, da yanzu ina da mutunci a Makka.

Sai na ce saura direba, wato manhajar da ke sa katin aiki. Kawu ya ajiye finjalin gahawa: "Direba kuma? Wa zai yi masa iƙama?" Na yi murmushin masu ilimi, na ce Linux na zuwa da nata mai suna nouveau, amma na kamfanin ya fi gudu. Na sa shi, na tsallake shuɗin allon nan na tsaro, Secure Boot, na ƙara da umarnin nvidia-xconfig don burga, ya rubuta mini xorg.conf, fayil ɗin saitin Xorg, manhajar da ke fito da hoto a allo. Na sake kunnawa.

Baƙi ƙirin. Sai wani ɗan layi fari a lungun sama yana ƙifta mini ido.

Na danna Ctrl+Alt+F3 na shiga inda babu komai sai rubutu. Na ɗora laifin a kan Wayland, sabuwar kishiyar Xorg, na buɗe fayil ɗin custom.conf na kashe ta don a koma Xorg. Shiru. Na sa umarnin nomodeset a GRUB, manhajar da ke tayar da kwamfutar, na cire. Aka yi la'asar, aka dawo. Hajiyoyin Umara uku na zaune a kan buhunan dabino da darduma suna jiran rasit, ɗaya har ta fara yi mini addu'a da ƙarfi, irin wadda ake yi wa majinyaci.

Shi kuwa Baban nan na bakin ƙofa, kun gane shi, mai riyal 50 ɗina tun azumin bara, bai ga ta zama ba. Shi da wayarsa ma jikansa ke amsa masa kira, amma duk wanda ya shigo sai ya tare shi: "Injiniya ne, daga Kano aka yo odarsa." Ya tofar da ƙwallon dabino, ya ce a zamaninsu littafi da biro ba sa ɗaukewa. Mutumin da ya rantse mini zai biya bayan Sallah, bai dai faɗi wace Sallar ba. Ga ta Layya ma ta wuce, kuma na gan shi da sabon shimagi.

Ana haka autan Kawu ya shigo, ɗan shekara 9, yana tsotsar askirim. Ya leƙa bayan kwamfutar, ko sallama babu.

"Yaya, lesh ka sa wayar a sama?"

Na ce ya tafi ya yi wasa. Ya zare wayar HDMI daga ramin sama, na uwar allo (motherboard), ya mayar da ita ƙasa, jikin katin da na sayo da kuɗina. Ya danna maɓallin kunnawa da yatsa mai danƙo. Hoto ya fito, har da ɗan kiɗa. Ashe tun safe na umarci Xorg ya tura hoto ta katin, allon kuwa na rataye a wata ƙofar daban.

"Khalas," in ji shi, ya lashe yatsan.

Hajiyar ta shafa addu'arta. Kawu bai ce uffan ba, ya dai ciro riyal 10 ya miƙa wa yaron a gabana. Kuma taubashina ne, ba damar in yi fushi, yanzu ko a masallaci muka haɗu sai ya nuna mini sama, ya nuna ƙasa.

Firinta ce ta ƙi aiki yanzu. Na ce wa Kawu ina da mura.