Masu Cewa Babu Ruwan Arewa Da Teku

Makon jiya wani ɗalibi da ke shirin rubuta kundin digirinsa na biyu a fannin tarihi ya same ni a Unguwar Rimi ransa a ɓace, ya ce, "Malam, sun ƙi amincewa da batun." Abin da ya gabatar wa sashensu, a wata jami'a da ba zan ambaci sunanta ba, shi ne rawar da rundunar sojin ruwa ta taka a yaƙin basasa, kuma amsar da wani babban malami ya ba shi ita ce wai mu mutanen tudu ne, ya bar wa 'yan Legas da Fatakwal wannan bincike, ya je ya nemo wani abu kan masarautar garinsu. Da a teburin mai shayi aka faɗi wannan magana da ban ɗauki alƙalami ba. Amma mutumin da aka ɗora wa amanar tantance abin da za a bincika da abin da za a bari shi ne ya faɗa, kuma na san ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba.

Mai karatu zai tuna irin shewar da aka yi a 2021 lokacin da rundunar ta sanar da shirin kafa cibiya a Kano, inda wasu suka riƙa tambaya ko a kan rairayi jiragen za su yi tafiya. A lokacin mun ji zafi, mun ce raini ne. To ga shi yanzu wani malaminmu yana maimaita hujjar masu shewar, illa dai shi ya sa mata rigar ilimi.

Wanda ya ce babu ruwan Arewa da tarihin yaƙin ruwa bai karanta yadda aka ci Arewa da yaƙi ba. Turawan da suka rushe Daular Usmaniyya ba ta Sahara suka ɓullo ba, ta bakin teku suka shigo, suka hau kogin Kwara da na Binuwai da jiragen ruwa masu hayaƙi. Tun 1854 jirgin Baturen Birtaniya William Baikie ya haura Binuwai ya komo ba tare da zazzaɓi ya kashe masa mutum ko ɗaya ba, saboda kwinin da suka riƙa sha, kuma daga nan ƙofa ta buɗe. Taron Balin na 1884 zuwa 1885 ya tattauna zirga-zirgar jirage a kan Kwara ba tare da an tambayi ko sarki ɗaya daga cikin masu kogin ba. A watan Janairun 1897, lokacin da kamfanin Royal Niger na Bature George Goldie ya auka wa Bidda, babban birnin Nufe, babban ɓangare na rundunar Nufe yana kudancin kogi a wajen Kabba, sai jiragen kamfanin suka tsare mashigai suka hana su ƙetarowa su kare birninsu, kuma masu kwale-kwalen Kede, waɗanda su ne ke riƙe da kogin, suka juya wa Etsu, sarkin Nufe, baya. A Lakwaja, mahaɗar kogunan biyu, Lugga ya ɗaga tuta ranar 1 ga Janairun 1900. A watan Satumban 1901 kuwa ta jirgin ruwa sojoji suka isa Yola suka kori Lamiɗo Zubairu. Hatta layin dogon da ya isa Kano a 1911 daga Baro ya taso, domin can ne jiragen ruwa ke iya sauke ƙarafunan. Sarakunanmu suna da dawakai da sulke da ganuwa, abokin gaba kuma yana riƙe da kogi, shi ke zaɓar inda zai sauka da ranar da zai sauka. Wannan shi ne abin da masana dabarun yaƙin ruwa ke kira mallakar hanyar ruwa, kuma mu aka gwada wa shi a jikinmu kafin mu san sunansa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a Kaduna ake wannan magana. A nan Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja ta NDA take tun 1964, kuma mafi yawan manyan hafsoshin ruwan ƙasar nan a cikin ƙurar garin nan suka fara fareti kafin su taɓa ganin igiyar teku. A Jaji akwai sashen koyar da yaƙin ruwa a kwalejin manyan hafsoshi, a Kachiya kuma rundunar tana da makarantar koyon fasahar makamai. Murtala Nyako daga Adamawa da Awwal Zubairu Gambo daga Kano duk sun shugabanci rundunar. Jihar da take yaye masu tuƙa jiragen yaƙi ita ce wai ba ta cancanci ta yi nazarin tarihinsu ba.

Batun da yaron ya zaɓa kuwa yana cikin mafi muhimmancin abin da aka yi wa riƙon sakainar kashi a tarihinmu. Rundunar da aka kafa a 1956 daga ragowar tsohuwar ma'aikatar jiragen ruwan gwamnatin mulkin mallaka ba ta wuce shekara 11 ba lokacin da yaƙi ya ɓarke, amma ita ce, ƙarƙashin shugabanta Joseph Wey, ta datse gaɓar tekun gabas, ta sauke sojojin Benjamin Adekunle a Bonny a watan Yulin 1967, sannan a Kalaba a watan Oktoba na shekarar. Bayan faɗuwar Fatakwal a watan Mayun 1968 Biyafara ba ta da sauran hanyar teku, sai ɗan filin jirgin sama na Uli da ake sauka cikin dare. Wannan datsewa ta karya 'yan aware, kuma ita ce ta jawo yunwar da har yau ake jayayya a kanta. Janar-janar na sojan ƙasa sun cika kantuna da littattafan tuna baya, kowa yana wanke kansa, amma abin da aka rubuta kan yaƙin ta fuskar ruwa kaɗan ne ƙwarai, kuma da Hausa ban taɓa cin karo da ko ɗaya ba. Haka jigilar dakarun kiyaye zaman lafiya na Afirka ta Yamma, wato ECOMOG, zuwa Laberiya a 1990, haka rikicin Bakassi da ya ƙare da hukuncin Kotun Duniya a 2002, haka aikin sojan ruwa a Baga, a gaɓar Tafkin Chadi, inda ake farautar Boko Haram a tsakanin tsibirai.

Me ake bugawa a madadin haka? Ƙasidun biki masu takarda mai sheƙi, cike da hotunan manya sanye da fararen kaya, da jawaban taya murna. Idan kuma aka zo rubutun da ake kira na dabaru, sai ka tarar an kwaso masanan dabarun yaƙin ruwa Alfred Mahan na Amurka, wanda littafinsa ya fito a 1890, da Julian Corbett na Ingila, wanda nasa ya fito a 1911, an jera su kamar karatun allo, an liƙa sunan Najeriya a sakin layi na ƙarshe. Mahan ya rubuta ne don ya shawo kan ƙasarsa ta gina manyan jiragen yaƙi su kara da na wata daula a tsakiyar teku. Mu kuwa abin da ke gabanmu ɓarayin ɗanyen mai ne a cikin fadamun Neja Delta, da masu satar kifi, da 'yan fashi a kwale-kwale mai inji biyu. Waɗancan ƙasashe ba daga sama marubutansu suka faɗo ba: a Amurka wasu hafsoshi sun kafa cibiyar nazarin sojan ruwa a Annapolis a 1873, mujallarta na fita tun 1874, kuma a cikinta ƙaramin hafsa na iya ƙalubalantar ra'ayin manya da sunansa, Ingila kuma tana da ƙungiyar da ke buga tsofaffin takardun rundunarta tun 1893. Mu mun ari sakamakon, mun bar aikin da ya haifar da shi.

Wanda tarihi bai dame shi ba, to ya duba aljihunsa. A 2020 an sace ma'aikatan jiragen ruwa 135 a duk duniya, 130 daga cikinsu a mashigin tekun Gini, kuma kuɗin inshorar da aka ƙara wa jiragen da ke zuwa tashoshinmu ɗan kasuwar Kantin Kwari da na Kasuwar Barci ne suka biya, su kuma suka ɗora wa mai saye. Da yaƙin Rasha da Yukren ya toshe Baƙin Teku a 2022, mai gidan burodi a Tudun Wada ya ji a farashin fulawa. Sinadarin takin zamani da ake kawowa daga Maroko ta teku yake zuwa, cittar Kachiya da Kafanchan da riɗin Jigawa ta teku suke fita, kuma tashar tsandauri, wato tashar kayan jiragen ruwa ta kan tudu, da aka buɗe a Kakuri a 2018 ba ta da wata ma'ana idan hanyar teku ba ta da tsaro. An kafa dokar yaƙi da fashin teku a 2019, an ƙaddamar da shirin tsaron teku na Deep Blue a 2021, an ƙirƙiro ma'aikatar tattalin arzikin teku a 2023, amma wa ya zauna ya auna wanne ne ya yi aiki, banda sanarwar da hukumomin suke fitarwa suna yabon kansu?

Za a ce 'yan bindigar daji sun fi gaggawa, kamar dai jami'a ba ta iya ɗaukar bincike biyu a lokaci guda. Za a kuma ce takardun soja sirri ne, alhali yaƙin da aka gama a watan Janairun 1970 ba shi da sauran sirrin da ya wuce kunyar wasu mutane.

Ba wani abu mai tsada nake nema ba. Rundunar ta buɗe tsofaffin takardunta ga masu bincike, a samu mujalla guda da za ta riƙa fita a kan lokaci, masu buga littattafai na Zariya da Kano su nemi wanda zai rubuta wannan tarihi da Hausa. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke nan Kaduna da Gidan Arewa suna riƙe da fayilolin lardunan da kogunan nan suka ratsa, kuma a Barnawa da Kawo akwai tsofaffin sojojin ruwa da suka yi ritaya, waɗanda kowace shekara ake rage su ba tare da an ɗauki muryarsu ba. Ɗalibin nan nasu yake son ya fara ji. Da na tambaye shi abin da zai yi yanzu, sai ya ce ya riga ya miƙa sabon batu kan jerin hakiman gundumarsu, kuma an amince da shi a rana ɗaya.