Koren jesin da aka tsana jiya, shi Soweto ta fito tana wa guɗa

Na san da yawanmu zari-ruga ba ta gabansu, a gidan kallo in ba Firimiya ko La Liga ba ai sai dai a kashe janareto kowa ya kama gabansa. Amma duk wanda ya ga hotunan da suka fito daga Afirka ta Kudu farkon Nuwamban 2023, motar nan mai buɗaɗɗen sama ɗauke da tawagar ƙasar da ta ci kofin duniya na zari-ruga tana ratsa Soweto, unguwar baƙar fata a Johannesbag, da ƙyar saboda cinkoson jama'a, yara sun ɗare katangu, tsofaffin mata na guɗa, ko'ina koren jesi, to dole ya tsaya ya tambayi kansa wai me ya fito da ƙasa guda kan titi haka. Ni dai abin ya taɓa min zuciya, kuma ina ganin murnar nan halak ɗinsu ce, duk da masu cewa ruɗi ne kawai.

Ranar 28 ga Oktoban 2023 a birnin Faris 'yan Springboks, wato tawagar zari-rugar Afirka ta Kudu, suka doke Niyu Ziland da ci 12 da 11 a wasan ƙarshe. Kafin nan sun fitar da Faransa mai masaukin baƙi 29 da 28, suka fitar da Ingila 16 da 15, wasa uku a jere kowanne da ratar maki ɗaya tal, kai masu hawan jini sun ji jiki a makonnin nan. Kofi na huɗu ke nan bayan na 1995 da 2007 da 2019, babu ƙasar da ta kai haka, alhali gasa biyun farko na 1987 da 1991 ma ba su buga ba don a lokacin duniya ta juya musu baya saboda wariyar launin fata.

To nan ne inda maganar take. Jesin nan mai hoton barewa a da ba na kowa ba ne, na fararen fata ne, tamkar tutar masu mulkin wariya, har ta kai baƙar fata in sun samu shiga fili sai a ware musu lungu guda, su kuma su goyi bayan duk baƙon da ya zo don dai su ga an kunyata azzalumansu. Kuma mu ma muna da hannu a rigimar nan ko da matasanmu ba su sani ba. A 1976, jim kaɗan bayan 'yan sanda sun buɗe wa 'yan makaranta wuta a Soweto ranar 16 ga Yuni, sai ga tawagar zari-rugar Niyu Ziland ta je Afirka ta Kudu buga wasanni kamar ba a yi komai ba, wannan ne ya sa ƙasashen Afirka sama da 20 suka ƙaurace wa gasar Olamfik ta Mantiriyal, cikinsu har da Najeriya da Nijar da Gana da Cadi da Sudan. 'Yan wasanmu sun yi shekaru suna atisaye, wasu har sun isa Kanada, aka ce su haɗa kaya su dawo. Saboda zari-ruga fa.

Mandela ne ya fara juya akalar abin. Wasu a jam'iyyarsa sun so a soke sunan da tambarin gaba ɗaya, ya ce a'a a bar su, sannan ranar wasan ƙarshe na 1995 a filin Ellis Park ya fito sanye da jesi mai lamba 6 irin na kyaftin Francois Pienaar ya miƙa masa kofi da hannunsa. Dattijon da ya yi shekara 27 a kurkukun mutanen nan. Sai dai gaskiya ɗaya ce, a cikin 15 ɗin da suka fara wasan ranar mutum ɗaya ne kaɗai ba farar fata ba, Chester Williams, don haka murnar 1995 kusan bashi ce baƙar fata suka bayar, ba su riga sun ga 'ya'yansu a fili ba.

Sai a 2018 koci Rassie Erasmus ya ɗaura wa Siya Kolisi kyaftin, baƙar fata na farko da ya ja ragamar tawagar a babban wasa. Yaron nan a unguwar talakawa ta Zwide ya tashi a hannun kakarsa, cin yau da ƙyar na gobe da wahala, kuma shi da bakinsa ya faɗa cewa wasan ƙarshe na 2007 a wata mashaya ya kalla don babu talabijin a gidansu. An haife shi ranar 16 ga Yunin 1991, shekara 15 cif bayan kisan Soweto. Shi ne ya ɗaga kofi a Yokohama ta Japan a 2019 bayan sun lallasa Ingila 32 da 12, inda Makazole Mapimpi ɗan ƙauye daga Gabashin Kef da Cheslin Kolbe suka dire ƙwallo bayan layi, shi ne kuma ya sake ɗagawa a Faris. In uwa a Soweto ta yi guɗa ta ga wannan, wallahi ban ga wanda ya isa ya ce mata an yaudare ta ba, ɗanta take gani sanye da rigar da aka hana ubanta taɓawa.

Masu suka suna da hujja, ban musa ba. A 2023 ɗin nan ne ƙasar ta sha ɗaukewar wuta mafi muni a tarihinta, rashin aikin yi kusan kashi 32 cikin 100, kofi kuwa ba ya kawo wuta ba ya kawo albashi. Akwai ma abin da ya fi ci min rai, a Satumban 2019, wata biyu kacal kafin bikin Yokohama, an bi shagunan baƙi 'yan Afirka a Johannesbag ana ƙonawa har sai da aka kwaso ɗaruruwan 'yan Najeriya a jirgi. Haɗin kan da ake ta kirari bai kai kan ɗan kasuwarmu da ke can ba, wannan tabo ne kuma babu kofin da zai wanke shi.

Amma inda na rabu da masu sukar shi ne zaton da suke yi talaka bai san bambanci ba. Shugaba Ramaphosa ya je Faris ya riƙe kofi an ɗau hoto, ya dawo ya ba da hutu ranar 15 ga Disamba, mutane suka ci hutunsu suka sha shagali, wata biyar da 'yan kwanaki bayan nan a zaɓen Mayun 2024 suka ba jam'iyyarsa ta ANC kashi 40 kacal, karon farko da ta rasa rinjaye tun 1994. Sun yi wa Kolisi guɗa, sun kuma hukunta 'yan siyasa a akwati, duk mutanen nan ɗaya ne. Mu ma ai mun san haka, daren da Sunday Mba ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe na kofin Afirka a 2013 daga Kano har Fatakwal an kwana ana ihu, washegari ba wanda ya manta kuɗin mai.

Abin da zan so masu tafiyar da wasan a can su duba shi ne hanyar da Kolisi ya bi. Yana ɗan shekara 12 aka hango shi aka ba shi tallafin karatu a makarantar Grey, ɗaya daga tsofaffin makarantun masu hali da ke da filaye masu ciyawa da kociyoyi da abinci sau uku. Har yanzu yawancin 'yan tawagar ta irin waɗannan makarantun suke fitowa, ke nan sai an cire yaro daga unguwarsu kafin ya zama wani abu, sauran abokan wasansa da ba a hango ba kuwa suna nan a Zwide. Kuɗin da kofi huɗu ya jawo na talla da tikiti da cinikin jesi ya kamata a ga wani kaso nasa a filayen unguwannin da suka cika titi ranar bikin, a shuka ciyawa, a biya koci, a saya wa yaran takalmi.