Cikon haƙori ba dutse ba ne jama'a

Tun jiya nake kallon yadda aka yi wa wani likitan haƙori caa a kan hoton haƙorin wata baiwar Allah, wai jabun ciko ya saka mata tunda ko shekara bai yi ba ya koma ruwan ƙasa, kuma wallahi abin ya ɓata min rai, don ita da kanta ta faɗa cewa kofi take sha sau uku a rana kuma lemon kwalba baya barin hannunta. To ina laifin likita a nan?

Farin cikon nan da kowa ke so saboda ya saje da haƙori, roba ce aka cuɗa da garin gilashi mai laushi sosai, a danna a ramin a haska masa shuɗiyar fitila ya daskare. Robar nan tana tsotsar ruwa a hankali, kuma in ta tsotsa da launin abin take tsotsa. Baƙin shayi da kofi suna da sinadarin tanin mai kama jiki, dubi cikin kofin da ka daɗe kana shan shayi da shi, yadda ya rine ɗin nan haka ake yi a bakinka. Abin da ka sha shi cikonka ya sha.

Lemon kwalba kuma nasa aikin ya fi ciwo, don shi bai kai kofi rini ba amma tsami gare shi. A ma'aunin tsami na pH, wanda raguwar lamba ke nufin ƙaruwar tsami, baƙin lemo yana wajen 2.5, alhali fatar haƙori kanta, wato ɓawon mai tauri da ya rufe shi, tana fara zaizayewa da an sauko ƙasa da 5.5. Tsamin nan ya ci saman cikon, santsin da likita ya goge ya tafi, wuri ya yi kaushi har kana ji da harshe, sai kofi ya zo ya tarar da ƙananan ramuka ya zauna, dattin ƙwayoyin cuta ma ya samu wurin maƙalewa. Ɗaya ya buɗe ƙofa ɗaya ya shiga.

Na san za a ce ai akwai likitocin da ba sa goge ciko da kyau ko ba sa haska fitilar yadda ya kamata. Akwai, ban musa ba, amma ba shi ne zancen ba yau. Masu cewa su ma suna sha nasu bai canza ba, bakin kowa da irin yawunsa da irin wankinsa.

Ni ban ce ki daina shan kofi ba 'yar uwa. Ki shanye lokaci ɗaya maimakon kurɓa-kurɓa tun safe har azahar, ki kurkure da ruwa, in kin sha mai tsami ki jira kamar minti 30 kafin burushi, ki koma a sake goge miki saman cikon tun tabon bai nutsa ba.

Sannan masu ba ta shawarar dirzawa da garin gawayi, don Allah ku bari. Karce cikon yake ƙara yi. Maganin hasken haƙori ma haƙorin asali yake haskawa ya bar cikon yadda yake, ƙarshe bambancin ya fi na da fitowa fili, kuma har yanzu ina ganin ana tallarsa ba a faɗa wa mutane wannan.