Sati uku ana canza min kayan inji, ashe maɓallin kashe inji ne ya sha ruwa

Wallahi yau sai na yi magana, wanda zai ji haushi ya ji. Makanikan injin kwale-kwale na bakin ruwan nan namu na Yauri, ban ce dukanku ba amma da yawanku, ku ji tsoron Allah. Abin da kuke yi caca ce, kuma da kuɗin masunta kuke bugawa.

Injina Yamaha Enduro ne, foti, wato mai ƙarfin doki arba'in, shekara shida muna tare bai taɓa kwanar da ni a ruwa ba. Farkon daminar nan ya ɓullo da wani sabon iskanci, ka tada shi da asuba ja ɗaya ya kama, ku yi nisa lafiya lau, amma da iska ta taso igiyar ruwa ta fara watso ruwa ta bayan jirgi sai ya soma tari, fut fut, ɗif. Ka ja igiya har kafaɗarka ta yi tsami ko atishawa ba zai yi ba. Ka fito da shi tudu rana ta buge shi, bayan azahar ka ja ya tashi kamar ba shi ba.

Na farko da na kai wa ko murfin bai gama ɗagawa ba ya ce filogi ne Alhaji. Ni da ban taɓa leƙa cikin jirgin sama ba, amma ranar da za a yanke ka Alhaji kake. Na sayi filogi biyu NGK ya ɗaura, inji ya tashi, na biya. Kwana biyu ya sake mutuwa. Na biyu ya ce ruwa ne a cikin mai, ya kwance kabireto ya wanke ya hura, ya sa na juye kusan rabin jarka, man da tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi muke sayensa kamar turare, ga kuma tuti, wato man inji da ake gauraya wa fetur, da na riga na haɗa a ciki. Shi ma inji ya tashi a gabansa. To dole ya tashi mana, tsakar rana ce komai ya bushe, a lokacin ne ban gane ba.

Sai aka ce in je wajen babban nasu, wanda kowa ke cewa Oga. Shi ya ɗan yi abin a zo a gani, ya cire filogi ya jingina da jikin inji ya ce yaro ya ja, ya ƙura ido ya girgiza kai ya ce wutar ba ta da ƙarfi, koyil ne. Aka canza koyil. Da ya sake mutuwa na koma sai cewa ya yi ai dama tun farko ya so ya gaya min, ƙwaƙwalwa ce, wato sidi'ai ɗin nan baƙin akwati. Ya turani shagon wani mutuminsa, dubu 48 na ƙirga da hannuna bayan na ci bashi wajen dillalin da nake sayar wa kifi, ya ɗaura sabuwa, tsohuwar tawa kuma ya jefa cikin akwatin kayan aikinsa ya ce ta gama yawo.

Daren da ba zan manta ba kwana huɗu ne bayan wannan. Ni da ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara 14, mun ɗago raga Allah ya ba mu karfasa da faliya har da wata giwan ruwa da rabona da irinta tun bara, muna hanyar dawowa hadari ya haɗo, ruwa ya fara dukan bayan jirgi, inji ya ce ga garinku nan. Wanda bai san tafkin nan ba zai ɗauka wasa ne. Tun 1968 da aka gama dam ɗin Kainji ruwa ya shanye garuruwa da gonaki da daji, itatuwan na nan a tsaye a ƙarƙashi har gobe, jirgin da ba inji iska ce ke tuƙa shi, in ta ga dama ta ɗora ka kan kututture ta raba maka jirgi biyu. Mu da muka ga yadda aka riƙa tsamo gawarwaki a Wara da jirgin fasinja ya nitse a watan Mayun 2021 ba sai an yi mana bayanin ruwan nan ba. Yaro yana kwarfar ruwa da kwano yana cewa Kawu mu yi ta salati, ni ina fama da filafili, sai bayan sallar asuba muka taɓa gaɓa. Kifin ya riga ya saki, masu banda suka saya yadda suka ga dama.

Kwana tara cif da ɗaura sabuwar ƙwaƙwalwar ita ma ta mutu, wannan karon ko rana ta buge shi ba ya tashi. Na kwashe ta na koma shago, mai shago ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba ya ce Malam kayan wuta ba a mayarwa. Kwali ras da tambari da komai, amma ka ɗauki abin a hannu ba nauyi kamar kwalin ashana, wayoyin sirara kamar na cajar waya. Na ce ai ka ce orijina ce daga Legas, ya ce shi ma haka aka ce masa.

Wanda ya warware min matsalar ba ma makaniken jirgi ba ne, wani yaro ne da ke haɗa wa mutane sola da inbata a unguwarmu. Ya zo da ƴar mitarsa, irin mai tsinke ja da baƙi, wadda kuɗinta bai kai na man da na juye ba. Ya ce Baba wutar inji a jere take, filawil, wato faifan ƙarfen nan na saman inji, ya juya maganaɗisunsa ya wuce kan koyil ɗin da ke ƙarƙashi a samu wuta, ta taru a sidi'ai, wani ƙaramin koyil ya ba ta alamar lokacin saki, koyil na waje ya ɗaga ta ta fita a bakin filogi, kuma kowanne akwai lambar da ya kamata mita ta nuna, tana rubuce a littafin inji. Amma kafin duk wannan sai an duba makashi, maɓallin nan ja mai igiya da ake ɗaurawa a hannu, don aikinsa kenan ya haɗa farar waya da baƙa ya zubar da wuta a jikin inji. Ya zare farar wayar ya ɗora mita, shiru. Ya ɗebo ruwa a tafin hannu ya yayyafa wa makashin, mita ta fara ƙara tiiii. Da ya buɗe, robar ta tsage, ciki duk tsatsa ta yi kore shar. Shikenan fa. In ya jiƙe ya kashe inji, in ya bushe ya sake shi. Minti goma bai cika ba.

Ya auna tsohon koyil ɗina da na dawo da shi gida, lafiyarsa ƙalau. Muka aro ƙwaƙwalwar maƙwabcina muka ɗaura da sabon makashi, ja ɗaya inji ya kama, na shiga ruwa ranar da iska har da gangan, ko tari bai yi ba. Wasu na cewa in yanke wayar makashin kawai in huta, a'a, ka faɗa ruwa jirgi ya tafi ya bar ka ko farfela ta juyo kanka, wannan ba da ni ba.

Wato dai ƙwaƙwalwata ta asali lafiyarta lau, kuma tana akwatin Oga. Na je na ce Oga ina kayana, ya ce yara sun share sun zubar. Ƙarya yake, akwai jan fenti da ya ɗiga a gefenta tun lokacin da muka yi wa jirgi fenti, shekaranjiya na gan ta da idona a injin wani mai ɗaukar fasinja, ya ce a wajen Oga ya saya a matsayin ta hannu mai kyau. Ya sayar min da jabu ta hannun mutuminsa, ya sayar da tawa mai kyau, ya karɓi kuɗin aiki sau biyu, haba jama'a. Sannan wasu a Facebook suna ba mu shawara wai mu sayi na'urar ganin kifi da jifiyes mai nuna hanya mu ci gaba, wa zai gyara mana su, mutumin da ko mita ba shi da ita?

Na kai ƙara wajen sarkin ruwa an ce a zauna ranar Juma'a bayan masallaci, mai jirgin fasinjan ya yarda zai zo da injinsa a buɗe a gaban kowa. Maƙwabcina kuma ya aiko da safen nan yana son ƙwaƙwalwarsa kafin ranar kasuwa, dillali shi ma ya fara kira.