Sinadarin CBG na cikin tabar wiwi: kada harshenmu ya wuce iliminmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuh.

'Yan uwa, akwai wata magana da ke yawo a wayoyinmu, wai masana sun gano tabar wiwi magani ce, har an samu wani sinadari a cikinta mai suna CBG da ke kashe ƙwayoyin cuta, yana kwantar da hankali, yana gyara hanji. Mashayi ya gani ya yi murna, ya tura wa abokansa yana cewa ai dama mun faɗa. Mai kishin addini ya gani ransa ya ɓaci, ya ce ƙarya ce tsagwaronta, babu alherin da zai fito daga wannan ganye. Ɗan kasuwa kuwa da ya gani sai ya hau lissafin riba. Abu ɗaya nake jiye musu tsoro su duka, wato faɗin abin da ba su sani ba. Allah Maɗaukakin Sarki Ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 36, kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa, domin ji da gani da zuciya, dukansu abin tambaya ne a kansu.

To bari mu fara da abin da aka sani. A cikin tsiron wiwi akwai sinadarai fiye da 100 'yan gida ɗaya. Wanda ke bugarwa shi ne THC. Wanda ya yi suna a shekarun nan a matsayin magani shi ne CBD. Shi kuwa CBG, cikakken sunansa kanabijerol, ba sabo ba ne, tun 1964 wasu masana biyu a Isra'ila, Yechiel Gaoni da Raphael Mechoulam, suka ware shi, a shekarar da suka bayyana yadda ƙirar THC take. Abin da ya sa aka daɗe ba a waiwaye shi ba shi ne ƙarancinsa. Tsiron yana fara haɗa tushen CBG tun yana ƙarami, sannan da girma ya riƙa juya shi zuwa tushen THC da na CBD, ta yadda in ya nuna abin da ya rage a yawancin iri bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Ku riƙe wannan, za mu buƙace shi a gaba.

Wani abin da ya kamata ya sa mumini tasbihi shi ne, a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 aka gano cewa jikin ɗan Adam yana da wasu matattarai a ƙwaƙwalwa da cikin garkuwar jiki da irin waɗannan sinadarai ke maƙalewa a kansu, kuma a 1992 aka gano jikin da kansa yana samar da nasa makamancinsu, yana amfani da su wajen daidaita jin zafi da yunwa da yanayin zuciya. Subhanallah. Wanda Ya halicci tsiron Shi Ya halicci jikin, don haka ba abin mamaki ba ne a samu wani amfani a ciki. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar mata da waraka, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira. Ga ɗan uwana mai kishi nake wannan magana: ƙin wiwi da kake yi daidai ne, amma kada ya kai ka ga musun abin da yake gaskiya. Hatta giya da caca, Alƙur'ani bai ce babu amfani a cikinsu ba. A Suratul Baƙara, aya ta 219, cewa aka yi akwai zunubi mai girma a cikinsu da wasu amfanoni ga mutane, amma zunubinsu ya fi amfaninsu girma. Addinin da ya yi wa giya adalci a magana ba ya buƙatar ka yi masa ƙarya don ka kare shi.

Yanzu me aka gani a game da CBG? A 2013 masana a birnin Naples na Italiya suka gwada shi a kan ɓerayen da aka sa wa kumburin hanji, kumburin ya ragu. A 2015 aka gwada shi a Sifen a kan ɓeraye masu irin cutar Huntington mai lalata ƙwaƙwalwa, aka ga alamar yana kare jijiyoyi. A 2016 a Ingila aka ga yana buɗe wa ɓeraye ciki su ci abinci, abin da ya sa ake fatan wata rana ya taimaki majinyatan da suka rame. A 2020 a Jami'ar McMaster ta Kanada aka gwada shi a kan MRSA, wata ƙwayar cuta mai taurin kai da ta gagari magunguna da yawa, ya yi aiki a ɗakin gwaji da kuma jikin ɓeraye, sai dai masu binciken da kansu sun yi gargaɗin cewa yana iya taɓa ƙwayoyin halittar jiki, don haka ba su ɗauke shi magani gamamme ba. Kun lura da kalmar da ke ta maimaituwa, ɓeraye, ɓeraye. A kan mutane kuwa, gwajin da aka fi ambata shi ne na 2024 a Jami'ar Jihar Washington ta Amurka, inda aka bai wa mutum 34 masu lafiya miligiram 20, suka ce damuwarsu ta ragu, kuma ba a ga alamar maye a tare da su ba. Labari ne mai daɗi, amma mutum 34 ne, masu lafiya, a ɗan taƙaitaccen lokaci. A duniyar harhaɗa magunguna, kusan 9 cikin 10 na waɗanda suka kai matakin gwaji a kan mutane ba sa kaiwa ga hannun majinyaci. Da sauran rina a kaba. Har yau hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince da CBG a matsayin maganin wata cuta ba.

Idan kana son ganin yadda sinadari ke zama magani, dubi ɗan uwansa CBD. An tace shi, an auna shi, an gwada shi a kan ɗaruruwan majinyata, sannan a 2018 aka amince da shi a Amurka da sunan Epidiolex domin wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara. Likita ke rubuta shi, yana kuma bibiyar hantar yaron, saboda yana iya taɓa ta. Iyayen da ɗansu ke faɗuwa sau da yawa a rana suka ga sauƙi, wannan rahamar Allah ce, kuma ba ni da abin cewa sai godiya. Haka mofin da ake yi wa mai tsananin ciwo allurarsa a asibiti, daga tsiron da ake yin hodar maye ta heroin da shi aka samo shi, kuma babu mai hankalin da zai ce don haka hodar ta halatta.

Sai kai, ƙanena, da ka tura saƙon kana murna. Ka ji tsoron Allah, ka daina fakewa da guzuma kana harbin karsana. Ka san a ranka ba don hanjinka kake naɗa takarda ba. Abin da kake nema a cikin hayaƙin shi ne THC, kuma shi kake samu, CBG ɗin da kake kafa hujja da shi ɗan mitsitsi ne a ciki kamar yadda muka faɗa. Da za a ba ka CBG zalla, marar bugarwa, da ka ce an cuce ka. Wiwin yau ma ba irin ta da ba ce: a Amurka, ƙarfin THC a cikin wadda ake kamawa ya tashi daga kusan kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kusan 12 a 2014. Kimanin mutum 1 cikin 10 na masu sha kan kamu har su kasa bari, ga wanda ya fara tun yana matashi kuwa 1 cikin 6 ne. Wani babban bincike da aka wallafa a 2019 ya nuna masu shan mai ƙarfi kullum sun fi waɗanda ba sa sha fuskantar taɓin hankali kusan ninki 5. Duk wannan daga wajen masanan da kake jingina da su ya fito, sai ka ɗauki rabin da ya yi maka daɗi ka bar rabi.

Hukuncin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Muslim ya ruwaito daga Ibn Umar cewa duk abin da ke sa maye giya ne, kuma duk mai sa maye haramun ne. A wani hadisin, abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Malaman da suka riski yaɗuwar wiwi a zamaninsu, irin su Ƙarafi daga cikin Malikiyya da Ibn Taimiyya, sun saɓa a kan ajin da za a sa ta da irin horon da za a yi wa mai sha, amma ba su saɓa a kan haramcin gusar da hankali da ita ba. Ita ma dabarar cewa don magani nake sha ba yau aka fara ta ba. Ɗariƙ bin Suwaid ya gaya wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa shi don magani yake haɗa giya, sai ya amsa masa da cewa ita ba magani ba ce, cuta ce.

Amma sinadarin da aka tace aka raba shi da mai bugarwa, likita amintacce ya rubuta shi ga mai buƙata, wannan wata mas'ala ce daban, kuma a nan ne nake roƙon mu kame bakinmu. Fatawa ce da take buƙatar malamin da ya san fiƙihu ya zauna da likitan da ya san magani. Suratun Nahli, aya ta 116, ta hana mu ce wannan halal ne wannan haram ne da ƙaryar harsunanmu, kuma hanin ya hau kan mai halattawa da mai haramtawa baki ɗaya. Ba a yanke irin wannan a ƙarƙashin wani bidiyo, tsakanin mutanen da ba su taɓa buɗe littafin fiƙihu ko na likitanci ba.

Ɗan kasuwa shi ne wanda na fi jin tsoro, domin shi da hawayen marasa lafiya yake ciniki. Kwalba mai kyau, rubutu mai ɗaukar ido, alkawarin warkar da ciwon daji da ciwon suga da rashin barci duk a ɗigo ɗaya. A 2017 masu bincike a Amurka suka sayi kayan CBD iri 84 ta intanet suka auna, kusan kashi 31 cikin 100 ne kawai abin da aka rubuta a jiki ya dace da abin da ke ciki, kuma an samu THC a cikin 18. Idan haka ta faru da sinadarin da aka fi sani, ina ga wanda bai kai shi sanuwa ba? Mutum na iya shan abin maye yana zaton magani yake sha. Wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, in ji Annabi, kuma a hadisin Abu Dawud, wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, shi ke ɗaukar alhakin abin da ya faru. Mai tura tallar ma ya duba kansa, tunda ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Wata baiwar Allah na iya ganin abin da ka tura ta ajiye maganin hawan jininta, ko ta haɗa su biyun ba da sanin likita ba, alhali CBG yana taɓa wasu matattarai da ke da hannu a hawa da saukar jini.

Kai kuma da ciwo ya daɗe a jikinka ko a jikin ɗanka, har ka fara sauraren kowace murya, Allah Ya san halin da kake ciki, kuma neman magani umarni ne, an ce ku yi magani ya ku bayin Allah. Ka kai wa likitanka sunan abin da ka gani, ka gaya masa duk magungunan da kake sha, ka tambaye shi ko an gwada shi a kan mutane masu irin ciwonka. Ka binciki dokar ƙasar da kake, domin abin da aka yarje a wata ƙasa yana kai mutum kurkuku a wata. Mai ciki da mai shayarwa kada su kusance shi. Kada kuma ka bar maganin da aka ɗora ka a kai saboda wani gwaji da aka yi wa ɓeraye. Allah Ya bai wa marasa lafiyarmu lafiya, Ya yaye wa waɗanda shaye-shaye ya kama.