Kafin ka buɗe wa makulli dukkan ƙofofi

'Yan uwa masu kula da sabar Linux, akwai wata ɗabi'a da ta daɗe tana damuna, yau dai zan faɗe ta. Mutum zai ɗora bokitin S3, wato ma'ajiyar fayiloli ta Amazon a intanet, a kan sabarsa da manhajar s3fs don ya riƙa ganinsa kamar folda, abin ya ƙi, nan take sai ya ɗora wa makulli laifi, wato lambobin sirrin da ake shiga asusun da su. Ya ƙirƙiri sabo, shi ma ya ƙi. Daga nan sai ya ba makullin cikakken iko a kan asusun gaba ɗaya, wai gwaji yake yi. Ko aikin ya yi ko bai yi ba, ikon nan ya zauna ke nan, ba mai komawa ya rage shi. Wannan ganganci ne, domin makullin yana nan a rubuce cikin fayil, kuma duk wanda ya samu shiga sabar ya samu dukiyar mutane baki ɗaya.

Sau da yawa makullin lafiyarsa ƙalau. Shi s3fs ba ya karɓar fayil ɗin .passwd-s3fs, inda ake rubuta makullin, idan wasu suna iya karanta shi, sai an mayar da izininsa 600, wato mai shi kaɗai ke iya buɗe shi. A ciki layi ɗaya ne, lambar makulli da sirrinta, da ɗigo biyu a tsakani. Harafi ɗaya na sirrin da ya ɓace maka wajen kwafa ya isa ya jawo saƙon kuskure na SignatureDoesNotMatch, wato sa hannun da s3fs ya yi da makullin bai dace ba. Agogon sabar ma yana da hannu: ya kauce da fiye da minti 15, S3 zai ƙi sa hannun. Sai wadda ta fi rikita mutane, wato ka ɗora da hannunka ya yi aiki, ka saka a /etc/fstab don ya riƙa hawa da kansa idan na'ura ta tashi, ya ƙi. Dalili shi ne a lokacin tashin na'ura root, babban mai iko a sabar, shi ne yake ɗorawa, shi kuwa ba ya leƙa foldarka neman makulli. Ka nuna masa fayil ɗin da passwd_file, magana ta ƙare.

Ko da matsalar ta izini ce da gaske, yawanci ƙarama ce. Izinin ListBucket, na ganin jerin fayiloli, a kan bokitin kansa ake bayarwa, na GetObject da PutObject kuma, na ɗauka da ajiyewa, a kan abubuwan da ke ciki, wato sunan bokitin da /* a bayansa. An rubuta ɗaya an manta ɗaya, shi ke nan. Layi guda za a gyara.

Ni abin da ya taɓa cinye mini yamma guda suna ne. Bokitin da aka ba ni akwai ɗigo a sunansa, kuma doka ta yarda da haka: ƙananan haruffa, lambobi, karan ɗori da ɗigo, daga 3 zuwa 63. Amma s3fs yana saka sunan bokiti a gaban adireshin S3, satifiket ɗin tsaro kuwa mataki ɗaya kawai yake rufewa. Ɗigon nan sai ya mayar da sunan mataki biyu, haɗin ya tsinke tun kafin a duba makulli. Na ƙara use_path_request_style, nan take ya hau. Tun daga ranar, in dai ba shafin intanet za a ajiye a bokiti ba, ba na yarda a sa ɗigo a sunansa.

Tushen abin, a ganina, muna mantawa cewa S3 ba faifai ba ne. Tun fitowarsa a 2006 babu folda a bokitansa na yau da kullum, sunaye ne dogaye masu alamar / a tsakani, s3fs ne yake nuna mana su kamar folda. Shi ya sa suna a can yake iya kai bayit 1024, alhali sunan fayil a Linux ba ya wuce 255. Shi ya sa kuma za ka iya samun fayil da folda masu suna ɗaya, abin da faifai ba zai taɓa yarda da shi ba. Canza sunan folda kuwa kwafe kowane fayil ne ɗaya bayan ɗaya sannan a goge na asali. Idan haɗin ya yanke a tsakiya, rabi na nan rabi na can. Mountpoint, wata manhaja mai aiki irin na s3fs da Amazon ta fitar a 2023, ƙin canza suna yake yi a bokitai na yau da kullum, kuma ni na fi son wannan gaskiyar a kan a ɓoye mini haɗarin.

Don Allah idan s3fs ya ƙi, a sauke bokitin da fusermount -u, a sake ɗorawa da -f -o dbglevel=info -o curldbg, a zauna a karanta. Amsar S3 tana nan a fili: 403 izini ne ko sa hannu, 404 suna ne, 301 kuma bokitin yana wani yanki daban da wanda ka nufa. Idan za ka tura wa wani wannan rubutun don neman taimako, ka bi shi layi-layi ka goge lambar makullinka da sunan bokitin kafin ka tura.