Ɗan Daba a Falonmu

Wata Asabar cikin watan Yuni na kai ɗana kamun kifi da fatsa a wata ƙorama kusa da Columbus, jihar Ohio ta Amurka. Yini guda cur, kifi ɗaya muka samu, shi ma bai kai tafin hannu ba. Mutanen nan suna kiransa green sunfish. Kamar ƙaramar karfasa yake, sai dai yana da zane-zane shuɗi a kumatu, da baƙin ɗigo a bayan kunne, ga baki ƙato wanda tun a lokacin ya kamata in yi masa kallon tsanaki. Ni dai soya shi na yi niyya. Yaro ya fashe da kuka.

Haka muka dawo muka jefa shi cikin akwatin gilashin uwargida, inda take kiwon 'yan kifaye goma sha biyu masu ƙyalli, 'yan kanti, waɗanda ba su taɓa sanin wahala ba.

Ranar Litinin saura tara. Na ce ai sun ɓuya ne bayan duwatsu. Ranar Laraba saura huɗu, na ɗora wa na'urar tace ruwa laifi, har na kwance ta gabanta don a ga ina bincike. Uwargida ta tsaya tana kallona, sannan ta nuna baƙon namu, wanda wutsiyar wani ke leƙowa daga bakinsa.

"Baban yara, ga injin tacewar can yana haɗiya."

Tun ranar ya zama Ɗan Daba. Da ya gama da maƙwabta sai ya koma kan gida: ya tumɓuke ciyayin da na saya, ya share tsakuwa da wutsiya ya yi rami kamar kwano, wai sheƙa ce ta jiran amarya. Duk yatsan da ya shiga ruwan sai ya sha cizo. Abincin gwangwani kuwa tofar da shi yake yi, sai tana mai rai.

Da sanyi ya shigo, aka ɗauke wuta kwana biyu, na'urar iska ta tsaya. Allah ya gafarta mini, har na fara shirya ta'aziyyar da zan yi wa yaro. Da safe na tarar da shi garau, yana jiran karin kumallo.

Yanzu duk Juma'a bayan masallaci sai na biya shagon masunta na sayo tana. Uwargida kuma kan auna shi da ido, ta ce saura kaɗan ya isa farfesu.